Kurakuran da na gaji da gani a binciken sadarwa tsakanin al'adu da cikin ma'aikatu

Duk shekara in ɗalibai suka kawo mini kundin bincikensu a wannan fanni, kafin in kai babi na uku na riga na san inda za a yi tuntuɓe. Jan biro ya ƙi yin magani, shi ya sa zan faɗa a fili.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake ɗaukar makin da Geert Hofstede ya ba ƙasashe a kan halayen al'adunsu, kamar yawan tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, ana liƙa wa kowa. Wannan masani ɗan ƙasar Holan ya yi nazarin takardun tambayoyi kimanin 116,000 da ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM a ƙasashe daban-daban suka cike tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da sakamakon a 1980. Ku lura da kyau: ma'aikatan kamfani guda ne, 'yan boko, sama da shekara hamsin da suka wuce. Najeriya ma ba ta samu makinta ita kaɗai ba, haɗa ta aka yi da Gana da Saliyo aka kira su Afirka ta Yamma. Amma sai ka ga ɗalibi ya ɗauko wannan maki yana bayyana dalilin da ya sa wata nas a Katsina ba ta musu da likita. Haba! Hofstede da kansa ya yi gargaɗi cewa matsakaicin ƙasa ba ya faɗin halin mutum ɗaya, kuma tun 2002 wani masani, Brendan McSweeney, ya yi wa hanyar binciken suka mai zafi. Ni dai ba na barin ɗalibina ya ambaci makin nan sai ya rubuto mini shafi guda da kalmominsa: wa aka tambaya, yaushe, a ina.

Na biyu ya taɓa jawo wa wata ɗalibata asarar zango guda cur. Tana binciken yadda bayani ke hawa daga ƙananan ma'aikata zuwa shugabanni a wata ma'aikata. Don ta rage wa kanta wahala, sai ta miƙa takardun tambayoyinta ga sakataren oga. Masinja ya raba ofis-ofis, sakatare ya tattara, oga na zaune ƙofarsa a buɗe. Da takardun suka dawo, kusan kowa ya zaɓi "na yarda ƙwarai", wasu ma da biro iri ɗaya da hannu iri ɗaya. Wa zai rubuta cewa oga ba ya sauraren kowa alhali takardar za ta bi ta teburinsa? Dole muka zubar da komai, ta sake daga farko. Yanzu doka ce a wurina: ki raba da hannunki, ki karɓa a ambulan a rufe, babu suna. Kafin nan kuma ki je ki zauna a wurin, ki ga wa ke shiga ofishin wa, me ake faɗa a teburin mai shayi, wane labari ke yawo a WhatsApp tun kafin takardar sanarwa ta fito. Rabin sadarwar ma'aikata a nan take, kuma ba ta shiga fom.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. In kun juya tambayoyi zuwa Hausa, ku ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da su Turanci, ku gwada biyun. Wani masani, Richard Brislin, ya bayyana wannan hanya tun 1970. Edward Hall, masanin da ya raba al'adu a 1976 zuwa masu faɗin magana ƙarara da masu barin yanayi ya isar da ita, bai ba kowace ƙasa maki ba, don haka ku daina ƙirƙira masa jadawali. Kuma kada ku yi hira da manajoji kaɗai ku ce kun ji ta bakin ma'aikata; direba da mai gadi da mai shara su ma a lissafin albashi suke, ku sa su cikin waɗanda za ku tambaya.