Yadda Ake Haɗa Takardun Rajistar Zaɓe a Arewacin Kamaru

Hukumar zaɓe ta ELECAM ba ta rubuta sunan mutum don an san shi a unguwa. Doka ta ce sai ɗan Kamaru mai shekara 20, wanda gidansa na asali yake cikin ƙaramar hukumar da zai yi rajista ko ya yi wata 6 a cikinta. Hujjar da ake nema ita ce katin ɗan ƙasa, shi kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Daga nan za ka faro.

In kana da ita, ka je ofishin magajin gari a yi maka kwafi mai hatimi. In ba a taɓa yi maka ba, kamar dattawa da yawa a ƙauyukan Marwa da Garwa, sai ta hanyar kotu. Ka karɓo shaidar cewa babu sunanka a kundin haihuwa, likita ya ƙiyasta shekarunka a rubuce, ka zo da shaidun da suka san iyayenka. Hukuncin da alƙali zai yanke, wanda ake kira jugement supplétif, shi za ka mayar wa magajin gari a rubuta maka takardar. Wannan matakin ne ke cin lokaci, kada ka bari sai zaɓe ya ƙarato.

Sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ita ma kotu ke bayarwa. Da ita da takardar haihuwa za ka nemi katin ɗan ƙasa wajen 'yan sanda. Tun 2025 ana fara cike bayanai ta intanet, a biya sefa 10,000, sannan a ba ka ranar zuwa.

A kula da rubutun suna. Wata takarda ta ce Ousmanou, wata ta ce Ousmane, ko shekarar haihuwa ta saɓa, sai a dawo da kai. Ka gyara tun daga tushe. Takardar jabu kuwa, ɗauri take jawowa.

Rajistar kanta kyauta ce, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, amma a shekarar zaɓe ana rufewa da zarar an fitar da dokar kiran masu zaɓe. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsu, a ba ka rasit. Ka adana shi, ka koma ka duba sunanka a jerin da ake liƙawa kafin ka karɓi katin zaɓe.