Kurakuran da Ke Hana Furen Bulubonet Fitowa a Gida

Wanda ya taɓa bin hanyar garin Ennis, kudu da birnin Dalas a jihar Teksas ta Amurka, a watan Afrilu ya ga filayen nan sun yi shuɗi iya ganinsa, kamar an shanya turamen da aka tsamo daga marina. Furen nan shi ne bulubonet, ɗan dangin furannin da ake kira lupin, kuma tun 1901 jihar Teksas ta ɗauke shi a matsayin furenta. A gefen titi yana fitowa ba mai kula da shi, amma mutum ya sayi iri ya shuka a bayan gidansa, sai ya shekara yana jira bai ga komai ba. Yawanci lalacewar daga hannunmu take, domin muna yi masa irin hidimar da muke yi wa tumatir da alayyafo, shi kuwa tsiron daji ne.

Kuskuren farko shi ne lokaci. Mutum yana ganin furen a Afrilu, sha'awa ta kama shi, ya shuka a Afrilun. Haka na yi shekarata ta farko: 'yan tsirarun da suka fito zafin Yuni ya ƙone su kafin su yi toho. Bulubonet da kaka ake shuka shi, daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Yana tsirowa ya kwanta a ƙasa, ganyensa a baje kamar tafin hannu, ya yi lokacin sanyi gaba ɗaya a haka. Kada ka ga bai yi tsawo ba ka ce ya tsumbure. Saiwa yake turawa ƙasa, kuma da ita zai tashi a ƙarshen Maris.

Sai maganar ɓawo, wadda ita ce ta fi ɓata wa mutane rai. Ka zuba irin a tafin hannunka ka duba: kamar tsakuwa yake, da launinsa da taurinsa. Ɓawon ba ya barin ruwa ya shiga da sauƙi, shi ya sa a daji wasu ƙwayoyin ke tsirowa bana, wasu sai baɗi ko bayanta, don kada fari guda ya share zuriyar. Wanda ya taɓa renon gawo ko bagaruwa ya san wannan hali. Maganinsa shi ne ka kankare ɓawon: ka goga ƙwayar a jikin takardar yashi, ko ka ɗan ɓantare gefenta da abin yanke farce, har ka hango launi mai haske daga ciki, sannan ka tsaya. Idan ka zurfafa ka raunata ɗan tsiron. Jiƙa ta kwana guda. Wadda ta kumbura ta shirya. Amma fa irin da aka kankare ya rasa garkuwarsa, don haka ranar da ka jiƙa, kashegari ya shiga ƙasa, kuma kada ka bar wurin ya bushe ƙayau a makonnin farko. Ni nakan kankare rabi in bar rabi yadda yake, saboda idan na farkon ya lalace akwai na ajiya a cikin ƙasa. Kuma kada a binne shi da zurfi. Rabin santimita ya isa, a danne da tafin ƙafa ya haɗu da ƙasa sosai.

Ruwa ya fi fari kashe shi. Ƙasar Dalas baƙar laka ce mai riƙe ruwa, idan kuma bututun ban ruwa na ciyawa yana fesa wurin kullum, sai ka wayi gari ka tarar da ɗan tsiron ya ruɓe daga gindi ya kife. Nemi wuri mai gangara, ko ka ɗaga kunya ka gauraya ta da tsakuwa, inda rana ke duka kamar awa 8 a yini. Bayan ya kafu, ruwan sama ya wadatar da shi sai in fari ya yi tsanani.

Taki ma a bar shi. Bulubonet ɗan'uwan wake da gyaɗa ne. Ka tuge guda za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, inda ƙwayoyin halittar da ke samar masa da sinadarin naitirojin suke zaune. Ka ƙara masa takin zamani, ganye zai ba ka ba fure ba.

Dashe kuwa ba ya so, saboda doguwar saiwarsa in ta karye da wuya ya farfaɗo. Shuka shi inda kake so ya zauna.

A duba sunan da ke jikin fakitin iri. Na Teksas ana rubuta Lupinus texensis. Manyan lupin ɗin nan masu launi kala-kala da ake kira Russell ba sa jure zafin Teksas. Mazauna arewa maso gabashin Amurka kuma nasu shi ne Lupinus perennis, wanda tsutsar malam-buɗe-littafin Karner ba ta cin wani ganye sai nasa. Tun 1992 aka sa wannan malam-buɗe-littafi cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Mai yara ƙanana ko dabbobi ya sani cewa ƙwayar bulubonet tana da guba, ba a barinta inda za a kai baki.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne in ga wanda ya yi duk wahalar nan, furen ya fito, sannan a watan Mayu ya bi wurin da injin yankan ciyawa don ya ga ya yi muni. Shekara guda bulubonet ke rayuwa, na baɗi yana cikin kwanson da ka yanke. A bar shi kamar mako shida bayan fure, har kwanson ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa. Da rana tsaka, in ka tsaya kusa, za ka ji yana fashewa tas-tas yana watsa iri. In kana so ka tara, tsinke shi da ya fara bushewa ka zuba a jakar takarda ka naɗe bakinta, ya ƙarasa fashewa a ciki, ka ajiye a wuri marar laima har Oktoba.