Yadda na gyara sikwensa mai riƙe sautin baya

Kwana uku ina fama da sikwensata, wato na'urar da ke adana jerin sautukan kiɗa ta sake kaɗa su, ta tsarin Eurorack na kayan kiɗan lantarki da ake harhaɗawa guntu-guntu. Ina shigar da sautuka mataki-mataki daga kibod ɗin kiɗa na waje, ta na'urar da ke mayar da MIDI (saƙon da kibod ke turawa) zuwa CV (bolt ɗin lantarki da ke faɗin wane sauti ne) da siginar get (wadda ke nuna an danna maɓalli). In na danna sautin C sannan E, sai mataki na biyu ya riƙe C. Kullum tana baya da sauti ɗaya.

Na canza kebul, na duba tashar MIDI, na sake daidaita bolt 1 ga kowace oktaf (tazarar da ke tsakanin sautin C da C na gaba). Duk lafiyarsu lau.

Ashe get ne ke riga CV zama. Sikwensa tana karanta bolt ne daidai lokacin da get ya tashi, alhali sabon bolt bai kai inda za shi ba, balle da na bar sulɓin sauti a kunne, wanda ke sa bolt ya zame a hankali daga wani sauti zuwa wani.

Da farko na mayar da sulɓin zuwa 0. Sannan na bi da get ta na'urar jinkiri, na sa milisakan 5, CV kuwa na bar shi ya tafi kai tsaye. Na share matakai 16 ɗin, na sake shigarwa ina ɗaga yatsa bayan kowane maɓalli. Kowane sauti ya zauna a matakinsa, alhamdu lillahi.