Yadda ake haɗa ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohon kan jirgin da ke ajiye a harabar gidan tarihi na Jos ya ga irin injin da ya yi ta jigilar kuza a siririn layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 har zuwa 1957. Ƙaramin samfurin da ake magana a kansa a nan tsawonsa bai wuce kamu guda ba, amma aikinsa iri ɗaya ne da na wancan: wuta ce ke tafasa ruwa a tukunya, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Kamfanoni irin su Roundhouse da ke Ingila da Aster na Japan suna sayar da shi a wargaje cikin kwali, mai saye ya haɗa da hannunsa. Ga mai farawa, na fi son wanda ke tafiya a dogo mai faɗin milimita 32 ko 45 kuma yake ƙona iskar gas, domin manyan da mutum ke iya hawa suna buƙatar injin ƙira da fili da kuɗin da ba kowa ke da su ba.

Kafin a buɗe kwali a tanadi tebur mai santsi wanda ba ya karkata, da farin tire mai baki, domin notunan ƙanana ne ƙwarai, wanda ya faɗi ƙasa kuwa sai dai a yi masa addu'a. Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukundireba, filaya mai tsinin baki, magagari mai laushi, ƙaramin ma'aunin kusurwa da takardar yashi. A lura cewa kayan Ingila sukan zo da noti masu awon BA, wanda ba ya dacewa da sifanun milimita da ake samu a kasuwa, saboda haka a yi odar sifanunsa tare da kwalin tun farko. A ƙirga kowane yanki a gwada shi da jerin da ke cikin littafin umarni, sannan a goge kaifin da yankan inji ya bari a gefen ƙarfe.

Aikin gaskiya yana cikin shasi, wato ƙarafan gindi da ƙafafu da sauran injin ke zaune a kansu, kuma nan ne ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Ana fara haɗa faifan ƙarfe biyu na gefe da sandunan da ke tsakaninsu, amma ba a ɗaure noti tamau sai an ɗora su a kan tebur an tabbatar ba su murɗe ba. Daga nan a zura sandunan ƙafafu, a juya kowace da yatsa. Idan ɗaya ta cije, ba mai za a ƙara mata ba, noti za a sassauta a daidaita faifan daga farko. Bayan haka sai a saka hannuwan da ke juya ƙafafu, kuma dole na ɓangaren dama ya sha bamban da na hagu da digiri 90 cif. Hikimar wannan ita ce, lokacin da fistin ɗaya ya kai ƙarshen tafiyarsa ba shi da sauran ƙarfin turawa, ɗayan yana tsakiyar tasa tafiyar, don haka injin zai iya tashi ko a wane wuri ya tsaya. Idan an ɗaura dogayen sandunan da ke haɗa ƙafafun gaba da na baya, a tura shasin a kan tebur da ɗan yatsa ɗaya. Ya kamata ya gangara sumul, ba tare da wani wurin da yake ɗan tsayawa ba.

A nan na taɓa yin kuskuren da ya ci mini mako biyu. Na ji wata 'yar cijewa sau ɗaya a kowane zagaye, na ce da zarar tururi ya shiga za ta wuce, na ci gaba da ɗora tukunya da jiki har da fenti. Ranar gwaji jirgin ya riƙa tafiya yana ɗingishi kamar akuyar da ƙaya ta soka, kuma sai da na kwance komai har ƙasa kafin na gano cewa hannu ɗaya ne bai zauna daidai a kan sandarsa ba. Cijewar da yatsa ya ji, tururi ba zai gyara ta ba.

Saitin bawul shi ne mataki na gaba, kuma yana son haske da natsuwa. A saman kowace silinda akwai ɗan akwatin da bawul ke zamewa gaba da baya a cikinsa, yana buɗe ƙofar tururi ta gaba sannan ta baya. A cire murfin, a juya ƙafafu a hankali, a duba ko ƙofofin biyu suna buɗewa daidai wa daida. Idan ɗaya ta fi buɗewa, a murɗa sandar bawul rabin zagaye a sake dubawa. A yi haka jirgin yana saitin gaba, a maimaita yana saitin baya. Idan an gamsu, a ɗora shasin a kan 'yan katakai yadda ƙafafu za su kasance a sama, a ɗiga mai a duk mahaɗa, a hura masa iska da famfon keke. Shasin da aka haɗa da kyau yakan juya da iska kaɗan. Ba na ba da shawarar a kai shi wurin mai faci, domin iskar injinsa ta fi ƙarfin wannan aiki.

Tukunyar kan zo a haɗe daga kamfani, da jan ƙarfe aka yi ta aka kuma like ta da likin azurfa, saboda haka ba a huda ta, ba a kai ta wurin mai walda, ba a kuma taɓa saitin bawul ɗin kariya da ke kanta. Irin waɗannan ƙananan injuna suna aiki ne da matsin tururi na wajen psi 40, wato sama da iskar tayar ƙaramar mota, ga kuma zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Abin da ya rage wa mai haɗawa shi ne ɗaura bututu, da gejin da ke nuna matsin tururi, da tankin gas, sannan ya shafa ruwan sabulu a mahaɗun gas ya ga ko za su yi kumfa. Fenti kuwa a bari sai an gama gwaji, kuma a guji yin sa a ranar da ƙurar hunturu ta sauko, domin kowace ƙwayar ƙura za ta zauna a jikinsa.

Ruwa da mai da gas su ne inda yanayinmu ke shigowa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ɓawo a cikin tukunya, don haka a yi amfani da ruwan sama da aka tace da kyau, wanda daminar Jos ba ta rowarsa, ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. A nan a yi hattara sosai: idan aka ce wa mai shago “ruwan batir” yana iya miƙo mai asid, wanda zai lalata injin. Man silinda ma na musamman ne, mai kauri, wanda ke jure tururi, baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. Gas kuwa butan ne, irin na gwangwanin cika laita. Gas ɗin girki yakan ƙunshi furofan mai matsin da ya fi yawa, kada a ɗura shi sai in littafin umarni ya yarda. Da sanyin safiyar Disamba ko Janairu butan yakan yi kasala, harshen wuta ya yi rauni, don haka a jira rana ta ɗaga.

Ranar kunnawa a fita waje, nesa da yara da duk wani abu mai kama wuta. A fara cika tankin gas, a zuba mai a ma'ajinsa, a cika tukunya sannan a zuƙe kamar mililita 30 da sirinji domin tururi ya sami wurin taruwa. A buɗe gas kaɗan a kai ashana bakin bututun hayaƙi, za a ji wutar ta yi ɓut ta koma ciki. Bayan 'yan mintoci allurar geji za ta hau, bawul ɗin kariya ya fara huci. Da an buɗe tururi karo na farko, ruwan zafi gauraye da mai zai yi tsartuwa ta bututun hayaƙi domin silinda tana da sanyi, saboda haka a kawar da fuska, a tura jirgin gaba da baya da hannu har ruwan ya fita. Sabon inji yakan yi 'yar tauri a sa'o'in farko, a bar shi ya yi ta zagaye a hankali ba tare da tarago ba. Cikawa ɗaya takan kai kimanin minti 20, kuma bayan ya huce a kwance ɗan notin da ke ƙasan ma'ajin mai a zubar da ruwan da ya taru a ciki kafin a mayar da shi kwali.