Shawara ga malaman Hausa na firamare

Malamai, barkanmu da aiki. Ga dabarar koyar da rubuta waƙa da ta karɓe ni a aji huɗu. Ku fara karanta wa yara gajeriyar waƙa daga littafin waƙoƙin yara, su rera har kunnensu ya kama kari. Sannan ku rubuta kalma a allo daga sama zuwa ƙasa, kowane harafi ya buɗe ɗango, wato layin waƙa. Mu DALA, dutsen nan na Kano, muka ɗauka:

Dutse ne tsakiyar birni,
A kansa ake hango gari,
Lokacin hunturu hazo ya lulluɓe shi,
Amma yana nan daram.

Daga nan kowa ya gwada da sunansa. Shamsiyya da Tsahare fa, a bar musu "sh" da "ts" a matsayin harafi guda. Kada ku matsa kan amsa-amo, wato daidaituwar sautin ƙarshen layuka, ranar farko.