Yadda Ake Shirya wa Guguwar Dusar Ƙanƙara da Zaman Gida Har Ta Wuce

Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu sabbin zuwa, ɗalibai da masu iyali da suka sauka a arewacin Amurka ko Kanada, waɗanda ba su taɓa ganin lokacin sanyin can ba. Sanyin da muka sani a gida na hunturu ne: a hura wuta da asuba a zagaye ta, kafin hantsi ya ɗaga kowa ya tuɓe rigar sanyinsa ya kama harkarsa. Na nan kuwa yana iya kulle gari guda na kwanaki, kuma yana kisa.

Birnin Buffalo da ke jihar Niyok ya ga haka a ƙarshen shekarar 2022. Guguwar ta taso ranar Juma'a, 23 ga Disamba, ta yi kwanaki tana zuba har dusar da aka auna a filin jirgin saman garin ta haura mita ɗaya da santimita talatin. Iska ta riƙa kwasar dusar tana watsawa, mutum ba ya ganin motar da ke gabansa. An kai matsayin da motocin asibiti da na kashe gobara suka kasa fita. An hana tuƙi a cikin birnin kusan kwana shida, kuma fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wasu a cikin mota aka same su, wasu a kan hanya sun fita da ƙafa, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciya ce ta buga suna tsaka da kwashe dusa. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga yawancinsu abu biyu ne ya rutsa da su: fita daga gida, da rashin amintacciyar hanyar ɗumama jiki. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Matakin farko shi ne ka koyi sauraron hasashen yanayi, ka kuma yarda da shi. Hukumar yanayi ta Amurka tana fitar da sanarwa hawa-hawa, da Turanci za ka gan ta a wayarka. In ka ga kalmar Watch, ana nufin akwai yiwuwar guguwa nan da kwana ɗaya ko biyu, lokacin shiri ke nan. In ta koma Warning, abin ya iso ko yana bakin ƙofa, shiri ya ƙare sai zama. Mafi tsanani ita ce wadda suke kira Blizzard, kuma ba yawan dusa ne ma'auninta ba: iska ce mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, tare da dusar da ke hana ganin abin da ya wuce mita 400, har na tsawon awa uku. Mazauna kusa da manyan tafkuna su ƙara lura. Iska mai sanyi daga Kanada takan ratsa ta saman Tafkin Erie, wanda Buffalo ke bakinsa, tun bai daskare ba, ta kwashi danshi ta juye shi a wani siririn yanki. Shi ya sa za ka ga rana a unguwarku, amma tafiyar minti ashirin a gaba an binne motoci. Kada hasken da ke tagarka ya yaudare ka.

Na biyu, sayayya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar jajibirin guguwa kantuna sukan cika maƙil, burodi da madara da ƙwai su ƙare tun da rana, don haka ka je da kwana biyu a gaba. Ka tanadi abin da zai riƙe gidan aƙalla kwana uku ba tare da an kunna murhu ba: dabino, gyaɗa, garin kwaki da sukari, kifin gwangwani, biskit, madarar gari, burodi. Ruwan sha kusan lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana, sannan a cika bokitai da bahon wanka saboda alwala da bayan gida. Mai jinjiri ya ƙaro madara da kunzugu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tabbata maganinsa zai kai mako guda. A haɗa da tocila da batura, da ashana, da 'yan kuɗi a hannu domin injin kati ba ya aiki in babu wuta. A cika wayoyi da caji, a cika tankin mota da mai. Uwargida kuma in ta samu hali ta dafa miya mai yawa da shinkafa tun kafin abin ya fara, a cika fulas da ruwan zafi.

Sutura ma akwai ilimi a cikinta. Shadda da atamfa da singiletin auduga suna shan gumi su riƙe shi, sai jiki ya ƙara yin sanyi. Abin da ake yi shi ne saka kaya hawa uku: na ciki mai manne wa jiki wanda ba auduga ba, na tsakiya na ulu, sai babbar riga ta waje da iska da ruwa ba sa ratsa ta. Hula mai rufe kunne, safa mai kauri, takalmi mai tudu da ba ya jiƙewa. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarrabe su ɗumi, musamman ga yara.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Yawancin gidajen nan da iskar gas ake ɗumama su, amma injin da ke hura ɗumin da lantarki yake aiki. Wuta na ɗaukewa, ɗumin ya tsaya, cikin 'yan awoyi gida ya fara yin sanyi. A nan ne tunanin ɗan Hausa zai tafi wurin abin da ya saba: a zuba gawayi a kasko a shigo da shi ɗaki. Don Allah kada ka yi. A gida ma ana rasa rayuka ta wannan hanya, alhali ɗakunanmu suna da kafofin da iska ke shiga. Gidan nan kuwa a toshe yake ruf, da gangan aka gina shi haka don kada ɗumi ya fita. Gawayi yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Haka janareto: wurinsa waje, aƙalla mita shida daga gida, nesa da taga da ƙofa, ba a gareji ba ko da an buɗe ƙofarsa. Haka kunna tandun girki a bar shi a buɗe don a sha ɗumi, haka zama cikin mota tana kunne a gareji. A watan Fabrairun 2021, da sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar Teksas, miliyoyin gidaje suka shiga duhu, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma a cikinsu akwai waɗanda wannan iskar ce ta kashe su a ƙoƙarin ɗumama 'ya'yansu. Ka sayi na'urar da ke yin ƙara in ta shaƙi iskar, mai aiki da batir, ka maƙala kusa da ɗakunan kwana. In ta yi kuka, ko ka ga mutanen gida duk sun kama ciwon kai lokaci guda, ku fita waje nan take a kira 911, lambar neman agajin gaggawa.

To me za a yi in wuta ta ɗauke? A zaɓi ƙaramin ɗaki guda kowa ya tattaru a ciki, a rufe sauran. A cusa tawul a ƙasan ƙofa, a rataya bargo a taga da dare, da rana a yaye in akwai hasken rana. A kwanta kusa da juna cikin barguna, yara a tsakiya. A riƙa ci ana shan abu mai ɗumi, domin jiki da abinci yake hura wutarsa. Tocila ta fi kyandir, gobara a irin wannan dare babu mai zuwa kashe ta. A bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, a buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, saboda ruwa in ya daskare a bututu kumbura yake ya fasa shi. Firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, ɓangaren daskarewa in a cike yake ya kai kwana biyu. In sanyin ya fi ƙarfinku, musamman da tsoho ko jariri a gidan, a kira 211, lambar neman bayani kan ayyukan taimakon jama'a, a tambayi cibiyar shan ɗumi mafi kusa tun da sauran haske.

Batun fita kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san nauyin da ke kan mai aikin awa-awa, wanda in bai je ba babu kuɗin ranar, ga kuma mutanen gida suna jiran aike. Duk da haka in an hana tuƙi, ka zauna. Ko salla ma addini ya yi sauƙi: ya tabbata a hadisi cewa a daren sanyi ko ruwan sama akan umarci ladani ya ce a yi salla a gidaje. Ka ja iyalinka jam'i a falo. In kuwa ƙaddara ta sa guguwar ta tare ka a hanya, kada ka bar motar ka ce za ka taka, mutum yakan ɓata a tazarar da ba ta kai tsawon layi ɗaya ba. Ka kira 911 ka faɗi inda kake, ka ɗaura ƙyalle mai launi a jikin motar. Ka kunna inji kamar minti goma a kowace awa, ka sassauta gilashi kaɗan, kuma kafin kowace kunnawa ka duba bakin salansa kada dusa ta toshe shi, hayaƙin ya dawo ciki. Bargo da ruwa da ƙaramin shebur su zauna a but tun daga Nuwamba.

Sai zaman kansa, wanda ni a wurina yana da daɗin da ba a samu a sauran kwanakin shekara. Makarantu a rufe, babu mai fita, rana tana faɗuwa tun kafin biyar na yamma, dare ya yi tsawo. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa sukan dafa koko mai zafi, su toya biskit, su baje wasan kati da na haɗa hoto. Mu ma muna da namu. In akwai wuta a tuƙa tuwo da miyar kuka, a dama kunun gyaɗa, a dafa shayi da citta da kanumfari. A fito da ludo. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ke rawa, ba su da makarantar da ta fi wannan dare: a kashe talabijin a ce "ga ta nan, ga ta nanku", a ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, a yi musu kacici-kacici. Mai hadda ya yi tilawa. A kira gida da wuri a kwantar wa iyaye hankali, domin za su ga hotuna a Facebook su kasa barci, sannan a kashe waya a adana caji. Kada kuma a manta da ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki, ko tsohuwar da ke gidan kusa. In da hali a ɗauko su tun kafin hanya ta rufe.

Idan iska ta lafa, aikin kwashewa ya zo. Fara da bututun da injin ɗumama gida ke fitar da hayaƙi ta jikin bango, toshewarsa ta kashe mutum a wani gari kusa da Buffalo a waccan guguwar. Sannan ƙofa, da hanyar ƙafa ta gaban gida, wadda a garuruwa da yawa doka ta ɗora wa mai gida ko ɗan haya share ta. Dusa mai danshi tana da nauyi sosai, ga sanyi yana matse jijiyoyin jini. Ka tura ta da shebur maimakon ɗagawa, ka huta duk bayan 'yan mintuna. Mai ciwon zuciya ko wanda shekaru suka ja ya bar wa samari. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi na sarƙewa, ajiye shebur ka kira 911. Bayan an share a barbaɗa gishirin hanya, a kuma yi tafiya da ƙananan taku, domin akwai siririyar ƙanƙara da ido ba ya gani a kan kwalta.

Yara za su matsa sai sun fita gina mutum-mutumin dusa da zamiya a kan tudu. A bar su, amma a riƙa dawo da su ciki akai-akai ana canza musu jiƙaƙƙun safa. A duba yatsu da kunnuwa da kan hanci. A baƙar fata alamar ba ja ba ce, wurin yakan yi toka-toka ko fari, ya yi tauri, yaro ya ce ba ya jin komai. Kada a murza, kada a kanga a wuta ko hita. A tsoma cikin ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunka za ta iya jurewa, in launin bai dawo ba ko wurin ya yi bororo a tafi asibiti.