Yadda Nake Riƙe Na'ana'a a Kwalba Shekara da Shekaru

Na'ana'a mai yaji, wadda ake tatsar man ƙamshi daga ganyenta, ruwa-biyu ce, ba kasafai take yin iri mai tsira ba. In ka dace da uwa mai ƙamshin da kake so, da jikinta za ka riƙe ta. Ni a kwalba nake riƙe tawa, a ɗakin gwaje-gwaje.

Ka yanko gaɓa ɗaya mai ido daga sabon reshe, tsawon santimita ɗaya ko biyu. Ka tsoma ta a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na daƙiƙa 30, sai ruwan bilic mai kashi 1 na minti 10 zuwa 15, ka ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe ƙwayoyin cutarsa. Abincin da za ka dasa ta a kai a cikin kwalbar haɗin sinadarai ne na masana Murashige da Skoog, wanda suka fitar a 1962. A kowace lita ka sa sukari giram 30 da aga (garin da ake samu daga ciyawar teku) giram 7 ko 8 don ya daskare, ka daidaita tsami a 5.8 a ma'aunin pH, ka dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Ɗakin reno ya zauna wajen digiri 25, da haske awa 16 a rana.

Wannan duk mai sauƙi ne, mako biyu za ka ga toho. Wahalar tana shekara ta biyu da ta uku.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne kwaɗayin yawa. Sinadarin BAP, da ake sawa a abincin, yana sa ido ɗaya ya fid da rassa da yawa, sai mutum ya riƙa ƙarawa. Na taɓa yin haka, bayan 'yan watanni ganyen ya kumbura, ya yi garau kamar gilashi, taɓawa kaɗan ya karye. Irin wannan tsiro ba ya rayuwa a waje. Yanzu ba na wuce rabin miligiram a lita, kuma bayan dashe (wato yanka gaɓa a sauya mata sabuwar kwalba) biyu ko uku nakan mayar da su abincin da babu sinadarin sam, su huta. In ka ga alamar kumburin, ƙara aga kaɗan, ka sa murfin da iska ke ratsawa.

Sai wani ƙullutun tsoka da ke fitowa a gindin yanka. Kada ka ɗauki reshen da ya tsiro daga cikinsa, komai kyansa. A nan halittar tsiro ke sauyawa, kuma ido ba ya gani: ganye na nan kore shar, amma mentol, sinadarin da ke ba man ƙamshi da sanyi, ya ragu. Gaɓa kawai nake ɗauka, kowane mako huɗu zuwa shida, kuma kowace kwalba na rubuta mata kwanan wata da karo na nawa ke nan. In hazo fari ya bayyana a gindin tsiro, ƙwayar cuta ce da ta ɓuya a cikin jikinsa. Fitar da kwalbar nan take, kada ka ji tausayi.

Kowane dashe ƙofa ce ta kuskure, shi ya sa nake ajiye rabin kwalabena a sanyin digiri 4, inda girma ke lafawa watanni da yawa. Na'ana'a na jure wannan, tsiron ƙasashen zafi kuwa sanyin zai iya kashe shi.

Sau ɗaya a shekara nakan fitar da wasu. Saiwa ba ta ba na'ana'a wuya. Na wanke agar da ke jikinta, na dasa a ƙasa mai laushi, na rufe da leda ina buɗewa kaɗan-kaɗan har mako biyu. In sun girma na tatsi man, na kai a auna sinadaransa, na gwada da na uwar da na faro da ita.